Auta na son faɗowa daga jirgi da laima: in tura kuɗin ko in hana?

Baban Ummi (Garwa): Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don tun shekaranjiya gidanmu ba zaman lafiya. Autanmu da ke karatu a Faransa ya ci jarrabawa, sai ya ce tukuicin da yake so shi ne in tura masa yuro 280, kusan jaka 184 ke nan a sefa, ya je ya faɗo daga jirgin sama da laima. Wai ba shi kaɗai ba, ɗaure shi za a yi a ƙirjin wani gwani su faɗo tare daga mita 4000. Inda ya tafka kuskure shi ne tura wa Inna bidiyon abokinsa da ya yi. Tun ranar ko tuwo sai an lallaɓa ta take ci. Ni ba kuɗin ne ya dame ni ba, yaron ya yi ƙoƙari. Abin da nake son sani: in laimar ta ƙi buɗewa fa? In shi gwanin ya suma a sama fa? Wanda ya san abin ya yi magana, masu barkwanci don Allah a ɗaga mini ƙafa.

Ɗan Kuseri: Jaka 184 don a jefo mutum daga sama? Ka ce ya dawo gida, in kai shi gadar Ngeli in tura shi cikin kogin Lagon kyauta. Har bidiyon zan ɗaukar masa.

Baban Ummi (Garwa): Ka ga irinta ko. Kai ma nake nufi.

Gwaggon Yara: Wa'alaikumus salam. Baban Ummi kar ka tura ko dala. Yaron da aka sayar da shanu aka kai shi karatu shi ne zai je yana wasa da ransa? Uwa tana nan zuciyarta a hannu. Ni dai ban ga abin muhawara ba a nan.

Baba Soja (Ngaundare): Ɗana, ni na yi tsalle da laima a Kutaba, inda bataliyar sojojin laima take, kuma ba sau ɗaya ba. To amma namu daban ne, kar in ruɗe ka. Mu daga kamar mita 400 ake zubo mu, laimar zagayayya ce kamar faifai, igiyarta a maƙale take a cikin jirgi, kana fita nauyinka ne zai fizgo ta ta buɗe. Ta ko-ta-kwana tana nan ɗaure a kan cikinka. Ba ka da iko sosai a kan inda iska za ta kai ka, kuma saukar kamar ka diro daga kan katanga ne, shi ya sa ake koya mana rule-bule, wato ka haɗe ƙafa ka mirgina ta gefe. Abin da na gani da idona a shekarun nan: ba laima ce ta fi ji wa mutane ba, ƙasa ce. Idon sawu, gwiwa, ƙugu. Kuma duk wanda ya ce maka bai ji tsoro a bakin ƙofa ba, ƙarya yake yi.

Ɗan Kuseri: Baba Soja, ai ku albashi ake ba ku ku faɗo. Shi wannan shi zai biya.

Alhaji Mai Atamfa (Marwa): To bari wanda ya yi irin wannan ɗin ya sa baki. Sau biyu na yi, na farko a Dubai da na je sarin kaya, wani abokin ciniki ya ja ni. Ni goyo nake kiransa, sai dai goyon gaba ne irin na Turawa, kai ne jaririn. Za a sa maka majanyi, wato ɗamara mai madauri a cinyoyi biyu, kafaɗu, ƙirji da ƙugu. Kai ba ka da laima ko ɗaya a jikinka, duk tana bayan mai goyon. Abin da ya haɗa ku ƙugiyoyi huɗu ne, biyu a kafaɗa, biyu a kwankwaso.

Tun kafin ka ga jirgi sai an ɗora ka a sikeli, kamar buhun masara. Maza iyakarsu wajen kilo 100 ne, kuma suna duba tsayinka da ƙibarka tare. Sannan takardu, ka sa hannu nan, ka sa hannu can, cewa ka san abin na iya kashe ka. A nan ne gumi ya fara keto mini.

A cikin jirgi zaune kake tsakanin ƙafafun mutumin, kamar an yi lodin fasinja a bayan moto. Da aka kusa, sai na ji yana ɗana ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ƙyas, ƙyas, yana kama hannuna yana taɓa mini kowace don in shaida. Ya ja madaurin ƙugu har numfashina ya sarƙe. Da aka zuge ƙofa wani sanyi ya bugo ni, ni da na baro zafin Dubai a ƙasa minti ashirin da suka wuce. Ƙasa ba ta ma yi kama da ƙasa ba, kamar taswirar lakwal. Na so in ce a fasa, baki ya ƙi motsi. Sai muka faɗa.

Abin mamaki, ba ka jin kana faɗuwa. Ji za ka yi kamar ka kwanta a kan iska mai ƙarfi, kumatunka na kaɗawa, yawu ya bushe ƙaf. Na yi niyyar karanta Ayatul Kursiyyu, wallahi daga "Allahu" ban san inda na tsaya ba. Kamar minti ɗaya, sai na ji an fizge ni sama, madaurin cinya ya cije ni, duniya ta yi tsit. Daga nan minti biyar kuna lilo a hankali har ƙasa. Mutumin na ta nanata mini abu guda: ɗaga ƙafa, ɗaga ƙafa. A kan mazaunai muka sauka muka zame kan ciyawa.

Gwaggon Yara: Alhaji da girmanka da iyalinka? Hajiya ta sani?

Alhaji Mai Atamfa (Marwa): Ta sani bayan wata shida. Gwaggo kar ki tayar da tsohon zance, da ƙyar aka kashe wutar.

Injiniya (Njamena): Yaya Baban Ummi, bari in amsa tambayoyinka biyu, don gyaran jirage na karanta kuma na bi wannan harkar da karatu.

In laima ta ƙi buɗewa: jakar da ke bayan mai goyon laima biyu ce a ciki. Ta farko kan samu matsala, ba abin ɓoyewa ba ne, kamar sau ɗaya a tsalle dubu igiyoyi kan harɗe ko ta buɗe a karkace. Shi ya sa masu goyo suke buɗewa tun daga mita 1500, don a samu sararin gyara. In ta ƙi gyaruwa, akwai mariƙin da zai ja ta rabu da su gaba ɗaya. Wasu zobba uku ne, ƙarami cikin matsakaici cikin babba, kowane na rage wa na gaba nauyi, har ya zama ɗan siririn zare ne ke riƙe da mutum biyu, kuma da hannu ɗaya ake sakinsa. Wani Ba'amurke Bill Booth ne ya ƙirƙiro su. Shi ɗin da wani Ted Strong su ne suka fara tsallen goyon a Fulorida a 1983. Ita laimar ko-ta-kwana ba kowa ke naɗe ta ba, sai mai takardar shaida, kuma a Amurka doka ce duk kwana 180 a warware ta a duba a sake naɗewa ko da ba a taɓa ta ba. Kowace ƙasa da nata wa'adin.

In gwanin ya suma: a cikin jakar akwai wata 'yar na'ura, ba ta fi kwalin ashana biyu ba. Wadda ta fi suna ita ce CYPRES, ta Jamus, ta fito a 1991, akwai kuma Vigil ta Beljiyam. Nauyin iska take aunawa ta gane tsayinku da gudunku. Irin ta masu goyo, in kuka kai wajen mita 580 kuna gudun da ya haura mita 35 a daƙiƙa, ta san ba wanda ya buɗe komai, sai ta harba wata 'yar wuƙa ta datse zaren da ya rufe laimar ko-ta-kwana, sifirin ya wurgo ta waje. Ko ku biyun duk a sume kuke.

Akwai ma laima ta uku, ƙarama, da ake jefawa da zarar an fita daga jirgi. Mutum biyu a haɗe sun fi mutum ɗaya gudu nesa ba kusa ba, in aka buɗe babbar a wannan gudun tana iya yagewa ko ta ji muku. Ita ƙaramar birki ce, tana riƙe ku a wajen kilomita 200 a awa.

Alhaji Mai Atamfa (Marwa): Injiniya, Bill ɗin nan ba shi ne mai dogon gemu ba? A wuri na biyu da na je sun kunna mana bidiyonsa kafin sa hannu, gemu har ciki. Na ce a raina ko ba komai ustazu ne ya ƙera abin.

Injiniya (Njamena): Shi ne Alhaji.

Baban Ummi (Garwa): Na gode Injiniya, hankalina ya ɗan kwanta. Ke nan ba a mutuwa?

Injiniya (Njamena): A'a Yaya, ban ce haka ba. Ana mutuwa. Ƙungiyar 'yan laima ta Amurka ta ce a 2023 mutum 10 suka rasu cikin tsalle wajen miliyan 3.65, kuma yawancinsu ƙwararru ne masu tsalle su kaɗai. A ɓangaren fasinjan goyo, lissafinsu kamar mutum ɗaya ne a tsalle 500,000.

Maman Hanifa (nas, Garwa): Ɗaya cikin dubu ɗari biyar. To Gwaggo, da girmamawa, ki zo ɗakin gaggawa ranar kasuwa ki ga abin da moto ke kawo mana. Mutum huɗu a kan babur ɗaya, ba hular kwano, jariri a tsakiya. Auta ɗin nan duk hutu da mota yake hawa gangaren Mbe tsakanin Ngaundare da Garwa, ba wanda ya taɓa ƙin cin tuwo saboda haka.

Gwaggon Yara: 'Yata, moto dole ce ta sa. Wa ya aike shi sama?

Baba Soja (Ngaundare): Gwaggo ta faɗi gaskiya a nan, kuma Injiniya ina da ja da lissafinka. Wannan adadin na Amurka ne, na inda ake rubuta komai. Adadi ba ya bin mutum cikin jirgi. Abin da ke bin ka shi ne wanda ya naɗe laimar da safe, ko ya yi barci jiya, ko tsallensa na nawa ke nan yau. A soja mai naɗewa yana sa hannu a littafin laimar, an san shi, in ta ba da matsala an san ƙofar da za a buga. Na'urar nan da kake yabo, wa ke kunna ta?

Injiniya (Njamena): Mutum ne Baba. Da safe ake kunna ta a ƙasa, a filin da za a sauka, don ta ɗauki nan a matsayin sifili. Tana kashe kanta bayan awa 14. In ba a kunna ba, ƙarfe ne kawai a jaka. Tana da wa'adin shekaru kuma, ba a amfani da ita har abada.

Baba Soja (Ngaundare): To ka gani. Mun dawo kan mutum.

Injiniya (Njamena): Ban musa ba, kuma misalan na nan. A Amurka kafin a ba ka izinin goyon fasinja sai ka yi shekara 3 a harkar da tsalle 500, ka kuma yi kwas na kamfanin da ya ƙera kayan. Duk da haka a 2016 a Kalifoniya wani saurayi ɗan shekara 18 ya rasu tare da mai goyonsa, da aka bincika sai aka tarar mai goyon ba shi da ingantacciyar takarda. Sannan akwai majanyin kansa. An taɓa samun fasinjojin da suka sulale ta baya suka fice daga ciki lokacin da laima ta fizga, saboda ba a ɗaure su daidai ba. Shi ya sa masu ƙerawa suka ƙara wani madauri a baya, mai reshe biyu kamar gwafa, da ke haɗa na cinyoyi da na gadon baya. Wataƙila wasunku sun ga bidiyon wata tsohuwa 'yar shekara 80 da ta kusa sulalewa, mai goyon na riƙe da ita da hannu har ƙasa.

Wani abin da mutane ba sa tunawa shi ne jirgin. A watan Yuni na 2019 jirgin 'yan laima ya faɗi a Hawayi yana tashi, mutum 11 suka rasu. A Suwidin an yi biyu, 2019 da 2021, kowanne mutum 9. Laima ba ta da amfani in jirgi ya faɗi daga mita ɗari. Ni in ka tambaye ni inda gabana zai fi faɗuwa, minti biyun farko na tashi ne.

Alhaji Mai Atamfa (Marwa): Tunda an zo nan bari in faɗi na biyun, wanda ban cika faɗa ba. Wata ƙasa ce daban, ba zan kama suna ba. Araha na bi, kusan rabin kuɗi. Tun a ƙofa na ga alama amma na yi ta maza. Ba wanda ya auna ni, tambayata kawai aka yi kilo nawa, ni kuwa na zaftare takwas. Mai goyon yana sauka da wani fasinja, ya cire wannan jaka ya saɓi wata, ya zo da gudu yana haki, jirgi na jira injin a kunne. A tsaye ya sa mini majanyin cikin minti ɗaya, hankalinsa duk yana kan kyamarar da ke hannunsa, yi murmushi, ɗaga yatsa. Da yake na taɓa yi, na ji madaurin cinyar hagu sakwa-sakwa, hannuna na shiga har wuyan hannu. Na yi shiru. Kunya ta hana ni magana, kar a ce baƙin mutum ya zo yana koya wa masu abu aikinsu.

Da laima ta buɗe sai na zame ƙasa ta gefe guda, madaurin ƙirji ya hauro ya tokare ni a maƙogwaro. Minti biyar ina haɗiyar iska da ƙyar, ƙafar dama ta mutu murus. Da aka zo sauka ya ce in ɗaga ƙafa, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Dunduniyata ce ta fara taɓa ƙasa, shi kuma da nauyinsa ya bi ta kaina. Targaɗe ne kawai, Allah Ya rufa asiri, amma sati uku ina sallah a zaune. A gida na ce a matakalar otal na zame.

Maman Hanifa (nas, Garwa): Alhaji ai ni ce na naɗe maka ƙafar nan da ka biyo ta Garwa! Matakala ka ce mini!

Ɗan Kuseri: Yau ake yin ta. Wa ke da lambar Hajiya?

Alhaji Mai Atamfa (Marwa): Ku rufa mini asiri. Abin da nake so Baban Ummi ya ɗauka shi ne rabin laifin nawa ne. Na yi ƙaryar nauyi, na ga sako-sako na yi shiru. Yaranmu kuma haka muka tarbiyyantar da su, ba sa tambayar babba. A can wannan ladabin ba ya amfani.

Maman Hanifa (nas, Garwa): Tunda an zo kan jiki, Baban Ummi ka tambayi kanka waɗannan. Yaron yana da sikila? Wannan shi ne na farko a wurinmu, kuma Bature mai goyo ba lalle ya tuna ya tambaya ba. Jiragen nan ba a matse iskar cikinsu kamar na fasinja, a mita 4000 iskar shaƙa ta ragu sosai, mai sikila ciwon na iya tashi. Ko mai AS ma ya gaya wa likita kafin ya hau. Sai farfaɗiya, asma mai tsanani, ciwon zuciya, hawan jini da ba a shawo kansa ba. Kafaɗar da ta taɓa gocewa, iskar nan sai ta sake fitar da ita. Mai mura ya bari sai ya warke, don saukowa da sauri da toshewar hanci na iya fasa dodon kunne. Kar ya je da azumi, kar kuma ya cika ciki.

Baban Ummi (Garwa): Sikila babu, AA ne, an gwada su duka. Amma kafaɗa... ya taɓa faɗuwa a wajen ƙwallo yana aji uku, mai ɗori ya mayar da ita. Ban ma tuna ba sai yanzu.

Maman Hanifa (nas, Garwa): To wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ya gaya wa likita da bakinsa, kar ya ɓoye don a ba shi takarda.

Malam Na Masallaci: Assalamu alaikum. An kira ni ta gefe an ce in ce wani abu. Ayar da ake kawowa a irin wannan magana tana cikin Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku cikin halaka. Malamai kan duba abin da ya fi rinjaye: in galibi kuɓuta ake yi, kuma an ɗauki matakan da masana abin suka gindaya, ba a kiransa jefa kai a halaka, in ba haka ba da hawa doki ma ya haramta. Hadisin mai raƙumi kuma kowa ya san shi, ɗaure ta sannan ka yi tawakkali. Amma ni ba nan na tsaya ba. Abu ne na nishaɗi, ba farilla ba, ba neman abinci ba, uwa kuma ba ta yarda ba. Yardarta ta fi minti ɗayan nan nauyi. In ta amince bayan an yi mata bayani, shi ke nan. In ta ƙi, ya haƙura. Ga 'ya'ya mata kuma akwai ƙarin magana, don ɗaure mutum ake yi jiki da jiki, sai dai a nemi mace mai goyo.

Ɗan Kuseri: Malam, ni tambayata daban. Me ya sa ba a yin abin a nan? Ga fili fetal daga Kuseri har Waza, ba itace ba dutse.

Baba Soja (Ngaundare): Waza? Ka faɗo da laima a wannan yankin ka ga wanda zai fara tarbarka, soja ko waɗancan.

Injiniya (Njamena): Ban da tsaro ma, yanayinmu na da wuyar sha'ani. Da hunturu ƙurar nan kan rufe ƙasa, matuƙi da mai goyo dole su ga filin sauka da ido. Da bazara iska mai zafi ba ta da kauri, jirgi na shan wuyar hawa, laima kuma na saukowa da sauri. Ga guguwar tsakar rana da kan naɗe laima kusa da ƙasa. Yadin laima nailan ne, rana na cinye shi, rairayi na goge igiyoyi. Ana yi a Afirka dai: Bani Mallal a Maroko, Diyani a gaɓar tekun Kenya, Suwakofmun a Namibiya wadda ita ma hamada ce, da wurare da dama a Afirka ta Kudu. Sai dai kayan goyo ɗaya kuɗin mota ne, kuma sai an sami mai naɗewa da hukumar da ta san abin da za ta duba.

Baban Ummi (Garwa): Na sa Auta a zauren nan, ya karanta komai da kansa. Auta bismillah, ka gaida manya.

Auta: Assalamu alaikum. Baba Soja, Gwaggo, Malam, Alhaji, Anti, ina gaisuwa. Na karanta tun daga sama. Yaya, ka yi haƙuri da maganar bidiyon, ban yi tunani ba. Jiya Asabar na bi abokina filin, ban yi tsalle ba, kallo na je. Na yi tambayoyin da Injiniya ya turo mini. Na ɗauka za su ji haushi, sai matar da ke kula da kayan ta ja ni har inda ake naɗewa. Ta zaro wani ɗan kati daga aljihun jakar, an rubuta ranar da aka naɗe laimar ko-ta-kwana da sa hannun wanda ya yi, wata uku ke nan. Ta ɗaga murfi ta nuna mini wani jan zare siriri da ɗan hatimin dalma kamar ƙwayar wake, ta ce in ya tsinke an taɓa laimar ke nan. Na ga na'urar ma, ɗan allo ne kamar na agogon hannu, sifili a kai da kibiya tana kallon ƙasa, maɓallinta shuɗi, wai shuɗin ne na masu goyo. Mai goyon da na yi magana da shi ya nuna mini katinsa. Da rana iska ta tashi, suka dakatar da komai, mutane sun biya kuɗi suna ta ƙorafi, aka ce su dawo wani satin.

Baba Soja (Ngaundare): Wannan na ƙarshen shi ne ya fi burge ni. Wurin da ke iya dakatar da tsalle saboda iska, akwai mai hankali a cikinsa. Jirgin fa, ka gan shi?

Auta: Na gani Baba, ƙarami ne, akwai bel a ƙasa da kowa ke ɗaurawa kafin a tashi. Iyakar abin da na iya ganewa ke nan.

Maman Hanifa (nas, Garwa): Kafaɗar fa, ƙanena?

Auta: Anti, ita ce matsalar. A nan sai da takardar likita. Da na faɗa wa mai goyon, sai ya tambaye ni sau nawa ta goce. Na ce sau biyu.

Baban Ummi (Garwa): Sau biyu? Ni ɗaya na sani.

Auta: Ta sake fita bara a nan, wajen ɗaga kaya a inda nake aikin hutu. Ban faɗa ba don kar Inna ta damu. Mutumin ya ce shi ba zai ɗauke ni ba sai likitan ƙashi ya gani ya rubuta. Ya ce in ta fita a sama ba abin da zai iya yi mini sai mun sauka.

Gwaggon Yara: Alhamdu lillahi. Allah Ya yi wa Baturen nan albarka, ya fi ku duka hankali.

Alhaji Mai Atamfa (Marwa): Da ni ne a shekarunsa da na ce ban taɓa ko tuntuɓe ba.

Baban Ummi (Garwa): Auta, zan turo kuɗin gobe in sha Allahu, amma na likitan ƙashi ne, kuma ka turo mini hoton takardar da ya rubuta. Maganar laima mu bar ta sai ka zo hutu, ka zauna gaban Inna ka yi mata bayanin jan zaren nan da bakinka. Yanzu kira ta, tana nan zaune a tsakar gida ba ta kwanta ba. Kar ka ambaci kafaɗar yau.

Auta: To Yaya. Wayarta a kashe take.

Baban Ummi (Garwa): Kira tawa, ina miƙa mata.